Rabin Rawani da Ƙumar Kwarmi

Alhamis, 15 ga Rabi'us Sani, 1290

Ruwa ya sauka sosai shekaranjiya, duk Tambuwal ta fita shuka, mu kuma muna gida muna kallon ƙafa. Ƙafar Bube. Zan rubuta sunansa a nan tunda ba mai gani, a baki dai maigida ne. Idon sawunsa na hagu ya yi ja, ya ce ji yake kamar an ɗora masa garwashi. Ba sai an kira wanzami ya faɗa mana ba. Kurkunu ne, damina ta huɗu a jere, kuma kullum sai lokacin da gona ta fi bukatarsa.

Ya zauna gindin rumbu yana duban gabas. Na san abin da yake tunani. Ba noma, ba hatsi. Ba hatsi, ba guzuri, ayarin Makka kuma zai sake tashi bayan kaka ba shi a ciki. Ya ce, "Bana ma na zamna ke nan." Na ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, na yi maza na shige ɗaki kada ya ga fuskata, don ba baƙin ciki ne a kanta ba.

Hanyar nan ita ta ci Baba tun ina budurwa. Ya bar mana allo, da ragowar takardun nan da nake ɓatawa, da rawaninsa na harsa mai laushi, wanda muka raba biyu ni da ƙanwata Atu. Har yau ba wanda ya kawo mana labarin inda kabarinsa yake.

Asabar, 17 ga Rabi'us Sani

Na kasa zama. Na share tsakar gida sau biyu, na ɓata wa kaji rai a banza.

Litinin, 19 ga Rabi'us Sani

Dada, uwar mijina, ta zo da sandarta ta duba ƙafar, ta tofa, sannan ta dube ni kamar ni na shuka masa ciwon. Wai rubutun bara bai yi kauri ba.

Ga al'adarta. Kowace shekara, idan gero ya fid da kai, takan je da kanta kwarmin dutsen da ke bakin gonarmu ta ɗebo ruwa a sabuwar ƙwarya. Ni in rubuta ayoyin waraka a allon Baba, a wanke da ruwan nan, ɗanta ya shanye, don kada kurkunu ya dawo. Ruwan rijiya ba ya yi, in ji ta, don guga ya taɓa shi. Ruwan kwarmi daga sama ya faɗo kan dutse, daga dutse sai allo, ba a tacewa, ba a juyewa. Haka uwarta ta yi, haka kakarta. Shekara uku muna yi, shekara uku yana dawowa. Ba ta taɓa zargin ruwan ba, sai tawadata.

Laraba, 28 ga Rabi'us Sani

Ƙurjin ya fashe. Bube ya ce ba abin da yake so sai ruwan sanyi, a kai shi gona ko da kallo ne ya yi wa masu taya mu noma. Aka ɗora shi a jaki, na bi da fura. Da ƙafarsa lafiya take da ban ga wajen ganuwa ba, wannan ma wani abu ne da ba na faɗa.

Ya zauna bakin kwarmi ya tsoma ƙafar. Wasu manoma biyu masu irin ciwonsa sun riga shi zama, kowa da tsinken da yake naɗe tsutsarsa a kai. Ni kuwa da ba ni da aikin yi na tsuguna ina leƙe. Bakin tsutsar ya leƙo kamar farin zare, sai ya tsiyayo da wani abu fari, kamar an ɗiga nono a ruwa. Na bi farin da ido. A nan na gan su. Ƙananan abubuwa, ba su kai ƙwayar gero ba, ba su ma kai rabinta ba. Ba iyo suke ba, tsalle suke, su tsaya, su sake zabura, sak ƙumar ɗakin kaji. Suna ta kai-komo a cikin farin har ya ɓace.

Na ce wa Bube ya duba. Ya ce, "Zahara'u, wuta nika ji ga ƙafa, ke kina kallon ƙura."

Ba ƙura ba ce. Ƙura ba ta gudun yatsa.

Lahadi, 3 ga Jimada Awwal

Na koma, da sunan kai abinci. Na ɗebi ruwan a farar ƙwarya na ɗaga wa rana. Suna nan fal, farare-farare, wasu da ɗan ƙulli biyu a baya kamar jaki da mangala. Da safe suna sama, da rana ta take sai su koma ƙasa, gefen inuwar dutse. Na dawo gida na ɗebi na rijiyarmu, na yi ta kallo har idona ya yi hawaye. Ko ɗaya babu.

Na sa musu suna ƙumar ruwa. Ban san abin da ya dame ni da su ba, amma sun hana ni sakat.

Talata, 12 ga Jimada Awwal

Atu ta haihu a Kebbe, namiji. Mun taso da matan unguwa za mu suna. Na zama abin dariya a hanya, don ba kududdufin da muka wuce ban sauka na leƙa ba. Wata ta tambaya ko zobe na yar.

Ƙumar ruwan ba iri ɗaya ba ce ashe. Inda Fulani ke shayar da shanu, ruwan ya yi kauri da kashi, can jajaye ne, ƙulu-ƙulu, sun taru kamar an barbaɗa barkono. A sawun kofato da ruwan jiya ya cika, ba kome. A wanda ya kwana biyu har ya fara kore, akwai. Wani tafki kusa da Kebbe da ke haɗe da gulbi, cike da 'yan kifaye, na duba gefe da gefe ban samu ba, ina jin kifin ke cinye su. Masu tsallen nan irin na kwarminmu kuwa sun fi son ƙaramin ruwa mai zaman kansa, wanda ba ya shiga ba ya fita, irin wanda mutum ke jin daɗin tsoma ƙafa.

To wa ya kai su kan dutse? Kwarmin nan da rani a bushe yake ƙamas, har awaki na kwana a ciki.

Juma'a, 15 ga Jimada Awwal, Kebbe

An yi suna, Sama'ilu. Yaron kamar Baba, har goshin.

Na kusa yin faɗa da mai jego. Na shiga madafa na tarar da wani tsumma fari da ya koma ruwan ƙasa, an ninka shi an ɗaure a bakin randa, ana zuba ruwan tafki ta cikinsa. Na ɗaga na duba bakin saƙar. Rawanin Baba! Nawa rabin yana ƙasan adudu, a naɗe da turare, ko rana ban bari ta gan shi ba, ita kuwa ta mai da nata matacin ruwa. Na ce mata abin da ya zo bakina, kuma bakina ba ya zuwa da kaɗan.

Ta bari na gama, tana ba yaro nono. Ta ce, "Adda, kin san ni da ƙyanƙyami. Ba ni shan abin da ka motsi. Saƙinmu na gida idonai manya na, komi wucewa shikai, wanga kaɗai ka tare su. Da Baba na nan, da kainai da ya ba ni."

Tun muna yara haka take, ko tuwo sai ta juya ta duba ƙasansa. Na bar ta, ba don na huce ba.

Lahadi, 17 ga Jimada Awwal, Kebbe

Unguwar su Atu ba rijiya, kowa tafkin bayan gari yake sha. Na bi gidaje gaisuwa, gida bayan gida akwai mai kwance da tsinke a ƙafa, har da mata masu goyo. Na tambayi Atu, ba tare da na nuna kome ba, yaushe rabon gidanta da kurkunu. Ta ce tun da ta tare ba a yi ba, mijinta ma da yakan yi yana saurayi ya daina. Ta ce addu'ar Baba ce.

Na kwance tsumman bayan an tace, na juye shi a ƙwarya da ɗan ruwa. Ga su nan suna tsalle.

Gidanmu kowa rijiya yake sha. Bube ko gona zai je da gorarsa yake tafiya, yana cewa kwarmi warin awaki yake. Sau ɗaya tak ruwan kwarmi ke shiga cikinsa a shekara, kuma ni ke miƙa masa. Shi kaɗai ke sha, shi kaɗai ke kwanciya.

Ban ci abincin rana ba. Atu ta zaci fushin rawani ne.

Litinin, 25 ga Jimada Awwal, Tambuwal

Na dawo. Ƙafar ta sake fashewa a wuri na biyu. Ciyawa ta cinye rabin gona.

Ba ni da tabbas. Wa ya taɓa jin abin da ido da ƙyar ke gani ya kayar da ƙato? Kuma tsakanin sha da kwanciya kusan shekara guda ce. Allah ne masani. Na faɗa wa kaina haka yau ya fi a ƙirga.

Alhamis, 12 ga Jimada Sani

Na kankaro busasshiyar laka daga leɓen kwarmi, can sama inda ruwa bai kai ba bana, na zuba a kasko na cika da ruwan rijiya na ajiye bayan ɗaki. Kwanakin farko ba kome. Yau da safe na leƙa, abubuwa na motsi. Wato ba wanda ke kawo su kowace shekara, a cikin ƙurar suke kwance duk tsawon rani, suna jiran ruwa. Na farkon ƙila tsuntsu ya kawo su a ƙafa, ko akuya. Na tsaya a kan kaskon har tuwo ya kama.

Bube ya fara takawa da sanda. Da ya ji sauƙi sai zancen ya dawo. Wai madugu ya ce baɗi ma akwai ayari. Wai shekarunsa na tafiya, yana tsoron ya mutu bai ga Ɗakin Allah ba. Yana faɗa idonsa na cika. Ni na san mutumin nan, ba ya kuka ko da ana jan tsutsa.

In na yi shiru, gero zai fid da kai, Dada za ta kawo ƙwarya, zai sha, baɗi ya kwanta, ya zauna. Ba ƙarya zan yi ba, ba guba zan zuba ba. Abin da aka saba kawai zan yi. Na rubuta wannan na karanta, ban ji daɗin ganinsa da hannuna ba, amma ban goge ba.

Asabar, 14 ga Jimada Sani

Na fasa tulu. Hankalina ba ya jikina.

Laraba, 25 ga Jimada Sani

Gero ya fid da kai. Na je ɗakin Dada da hantsi, na same ta tana kaɗi. Na yi niyyar in faɗa mata don ta yi mini tsawa, ta ce shirme ne, in samu inda zan jingina. Na kwashe duka na gaya mata, farin da ke fita daga tsutsa, ƙumar, gidajen Kebbe, randar Atu.

Ba ta yi tsawa ba. Mazarinta bai ma tsaya ba. Ta ce ita ba ta san wata ƙuma ba, ruwan kakanninta ta sani. Na ce to, na yunƙura zan tashi. Sai ta ce, ba ta dube ni ba:

"In ma gaskiya ta, ɗiyar Malam, sai mi? Ƙafa ta kumbura wata biyu ta sace. Wanda hanya tac ci fa, ya dawo? Ke kin fi kowa sani. Ni ɗa guda gare ni, ke miji guda."

Maganar da nake ɓoyewa a ƙasan zuciyata ce, kalma da kalma, ta fito daga bakin tsohuwa. A cikina tana da kama da ƙauna. Da na ji ta a waje, sai na ga mata biyu zaune a inuwa suna shawarar gurgunta mutum don ya yi musu gadi. Na ji kunya har cikin ƙashina, na kuma ji tausayinta.

Talata, 2 ga Rajab

Yau ne. Na rubuta allo da safe, hannuna bai taɓa yin kyau haka ba, abin haushi. Dada ta dawo daga kwarmi da ƙwaryarta a rufe da faifai, ta zauna kan tabarma, Bube na gefe ya miƙe ƙafa. Na buɗe faifan. Suna ciki, rana na haska su.

Na ɗauki allo. Na ajiye. Na sake ɗauka. Bube ya ce ko wani harafi na manta.

Na shiga ɗaki na zazzage adudu. Ƙamshin turaren ya kusa kayar da ni. Na fito da rabin rawanina, fari fat yadda Baba ya bar shi, na ninka huɗu na shimfiɗa a bakin wata ƙwarya.

Dada ta ce, "Ruwan rubutu aka tacewa?"

Na ce rawanin Malam ne, wanda ya rasu a hanyar Ɗakin Allah. In ruwa ya ratsa ta cikinsa albarka zai ƙara, ba ragewa ba. Bube ya ce wallahi haka ne, har ya shafa bakin rawanin ya shafa a fuska. Bai san kome ba, bawan Allah. Dada ta dube ni, na dube ta. Ba za ta iya cewa rawanin malami ƙazanta ne a gaban ɗanta ba, dalilinta na gaskiya kuma ba ya faɗuwa. Na zuba a hankali. Na wanke allo da abin da ya sauka, ya yi bisimilla ya shanye.

Abin da ya rage a rawanin na kai bayan gida na juye a kan toka mai zafi. Ya bar tabo ruwan ƙasa a tsakiya, na wanke bai fita ba.

Alhamis, 4 ga Rajab

Dada ba ta amsa gaisuwata. Ta aiko a karɓo ƙwaryarta.

Ƙila ma duk banza ne, ƙila baɗi ya kwanta kamar kullum. Na kama kaina ina fatan haka wajen sallar azahar, na sake alwala.

Litinin, 15 ga Rabi'us Sani, 1291

An yi shuka. Kowace safiya idan zai sa takalmi sai na saci kallon idon sawunsa. Ya lura, ya ce ko sayen ƙafar zan yi.

Asabar, 10 ga Jimada Sani

Ba ja, ba ƙurji. Ya yi noman fari, ya yi maimai, shi kaɗai, yana dawowa yana waƙa kamar yaro. Geron ya fi tsayinsa. Yana ce wa duk wanda ya tsaya rawanin surukinsa ne ya warkar da shi, har mata biyu sun zo aro, na tace musu da kaina ban yi dogon bayani ba, na dai ce su bar tsoma ƙafa inda ake ɗiba.

Ni ban fita ganuwa ba bana. Ban san halin da kududdufai ke ciki ba.

Dada ta kawo ƙwarya jiya. Ta ajiye, ta juya fuska bango har na gama tacewa.

Asabar, 11 ga Shawwal

Ayari ya tashi bayan sallar asuba, ta ƙofar gabas. Da ƙafarsa ya fita, ko ɗingishi babu, yana sauri har jakin na binsa a baya.

Jiya ina ɗaure masa kaya na sa rawanin a saman buhun guzuri. Ya ce a'a, abin da ya rage mini na suturar Baba ke nan. Na ce ya riga ya yi tabo, ba shi da amfani a adudu. Na nuna masa yadda ake ninkawa. Na ce duk ruwan da ba ya gudu, komin ƙishi, komin haskensa, kada ya kai baki sai ya ratsa nan, in ya ga 'yan kifi a ciki da sauƙi, in ƙarami ne a kan dutse ya fi tsoronsa. Ya yi dariya, ya ce, "To, Malama." Sai ya ga ba dariya nake ba, ya ce ya yi alkawari.

Dada ba ta fito rakiya ba. Da na dawo na same ta zaune a ƙofar ɗakina, ba nata ba. Na dama mana fura a ƙwarya ɗaya.

Ban yi kuka ba, hayaƙin murhu ne. Da la'asar na ce zan je duba karan gona, ba wanda ya hana ni. Kwarmin ya bushe ƙaf, lakar ta tsage, akuya na kwance a ciki. Mai wucewa zai rantse ba abin da ya rage da rai a wurin. Na kori akuyar, na ɓamɓaro ɗan guntu na ƙulle a bakin zane.

Yana cikin kasko yanzu, bayan ɗaki, inda ruwan indararo ke sauka. Ban zuba masa kome ba. Ba na ma son halittun nan, ban san abin da ya sa na ɗauko ba. Zan dai bar shi nan har damina, in ba su fito baɗi ba akwai wata.